Hasumiyar Fitila ta Ankara: Tarihinta da Dangantakarta da Masu Zane

Gabatarwa

Mutumin Danko ko na Zuru, in ya tashi tafiya, ba ya rasa abin da zai riƙe alamar hanya da shi: ga duwatsu, ga kuka, ga rafi, ga hayaƙin ƙauye. Wanda ke bisa teku kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, balle in dare ya yi, gaɓa da ruwa suka zama abu guda a idonsa. Saboda haka ne mutanen bakin teku suka ƙago wani dogon gini da ake kunna wuta a ƙwanƙolinsa, domin matuƙin jirgi ya san inda ƙasa take, ya kauce wa duwatsun da ke ɓoye cikin ruwa.

A wannan maƙala za a duba tarihin irin wannan gini guda ɗaya, watau wanda ke unguwar Jamestown a birnin Ankara, hedikwatar ƙasar Gana. An zaɓe shi saboda dalili biyu. Na farko, Hausawa fatake sun daɗe suna wucewa ta gindinsa. Na biyu, bayan da manyan jirage suka ƙaurace masa, masu zane ne suka dawo da hankalin jama'a kansa, kuma a cikinsu har da 'ya'yan zango.

Sunan Ginin

Da yake ƙasar Hausa nesa take da teku, harshenmu bai tanadi suna na musamman ga wannan gini ba. Kalmar da ta fi kusa ita ce hasumiya, irin ta Gobarau da ke Katsina, kalmar da muka aro daga Larabci, watau sauma'a. Larabawa kuma suna da kalmar manara, ma'anarta wurin wuta ko wurin haske, kuma da ita suke kiran hasumiyar masallaci da ta bakin teku duka biyu. Ke nan in aka ce hasumiyar fitila ba a kauce ba.

Wadda ta fi shahara a tarihi ita ce ta Iskandariya a Masar, wadda aka gina wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, ya gan ta a 1326 wani sashenta ya rushe. Da ya komo a 1349 ya tarar ba ta ko shiguwa. Girgizar ƙasa ce ta ci ta, daga baya Sarki Ƙaitabai ya gina sansanin yaƙi a gurbinta.

Yadda Take Aiki

Aikin hasumiyar fitila iri biyu ne. Da dare haskenta ake nema. A da can itace ko gawayi ko kyandir ake ƙonawa, sannan aka koma fitilar mai, daga bisani lantarki. A 1823 aka fara amfani da wani gilashi mai ɗauke da zobba-zobba wanda wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ya ƙago, mai tattara hasken fitila ya harba shi nesa a kan ruwa. Kowace hasumiya da irin ƙiftawar haskenta, ta yadda matuƙi zai ƙirga ya gane ko ta wane gari ce. Da rana kuwa jikinta ake duba, shi ya sa ake shafa mata fenti mai ɗaukar ido. Ta Ankara ja da fari ce. Ashe tun farko mai fenti yana da hannu a aikin hasumiya.

Ankara da Gaɓarta

Ankara garin ƙabilar Ga ne, masunta. Turawa 'yan ciniki sun kafa sansanoni uku a gaɓarsa. Mutanen Holan suka gina nasu a 1649, wanda ya koma hannun Ingilishi a 1868 aka sa masa suna Ussher. Ingilishi suka gina James a 1673, unguwar da ta kewaye shi ta ci sunansa. Na uku shi ne Christiansborg da ke Osu, wanda mutanen Denmak suka sayar wa Ingila a 1850. Zinariya da bayi ne manyan hajojin da aka fitar ta waɗannan wurare, kafin a hana cinikin bayi.

A 1871 Ingilishi suka gina hasumiyar fitila ta farko kusa da sansanin James. Shekara shida bayan haka, watau a 1877, aka ɗauke hedikwatar mulki daga Cape Coast aka dawo da ita Ankara, sai zirga-zirgar jirage ta ƙaru. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta ne a shekarun 1930 a madadin ta farkon. Tsawonta mita 28 ne, kuma an yi ta yadda za a hango haskenta daga nisan kimanin kilomita 30.

Abin lura shi ne, Ankara ba ta da mashigi mai zurfi da babban jirgi zai raɓi gaɓa. Sai dai jirgi ya tsaya can cikin teku, matuƙa kwalekwale su ratsa raƙuman ruwa su ɗebo kaya da fasinja. Haka aka riƙa loda buhunan koko shekara da shekaru, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ankara da Kumasi a 1923. Aiki ne mai hatsari, wanda kaya kan jiƙe a cikinsa, wani lokaci har kwalekwale ya kife.

Hausawa a Gindin Hasumiya

Kamar yadda aka sani, goro ne ya fara kai Hausawa wannan nahiya. Ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su yi watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Da Ingilishi suka ci Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, a yaƙin 1873 zuwa 1874, yaƙin da sojan Hausa na Gulba suka yi a ɓangaren Turawa, sai hanyar kudu ta buɗe. Yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta, wasu suka gangaro bakin teku. Har yau akwai kasuwa a tsohon garin Ankara da ake kira Kasuwar Salaga. Malam Nainu ya shugabanci tsohon zango, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, sannan Nima ta tashi a shekarun 1930.

Daga nan fatauci ya sake salo. Maimakon jakuna su yi watanni a daji, sai a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, daga can kuma, bayan 1912, jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, yana cikin Kanawan farko da suka bi wannan hanya ta teku. Ke nan falken da ya saba duban zara da gamzaki a jeji, ga shi a kan ruwa yana duban fitilar Jamestown.

Murabus

Abin da ya raya hasumiyar shi ne rashin kyakkyawar tasha a Ankara, samun tasha a wani wuri kuma shi ya kawo ƙarshen tashenta. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta janye wani kaso na ciniki. Sannan a 1962, zamanin Kwame Nkrumah, mutumin da aka taɓa tsarewa a kurkukun James daga 1950 zuwa 1951, aka buɗe tashar Tema mai zurfi a gabas da birnin. Manyan jirage suka koma can. Matuƙa kwalekwalen dako suka rasa sana'a, ɗakunan ajiyar kaya suka zama kango, unguwar da ta kasance cibiyar ciniki ta koma cikin unguwannin talakawa. Daɗin daɗawa, jiragen yanzu da na'ura mai karɓar saƙon tauraron ɗan'adam suke gane inda suke. Hasumiya ta zauna da masunta da baƙi masu hawa matattakalarta don kallon gari.

Masu Zane da Hasumiya

Masu zane sun daɗe da ƙaunar irin wannan gini. A 1819 J.M.W. Turner na Ingila ya zana hasumiyar Bell Rock ta Sikotilan cikin hadari, igiyar ruwa na dukanta. Injiniyan da ya gina ta, Robert Stevenson, shi ya nemi a yi zanen, kuma Turner bai je wurin ba, daga zane-zanen da aka aika masa ya yi aikinsa. Shekara 110 bayan haka, a 1929, Edward Hopper na Amurka ya zana wata hasumiya da ke Cape Elizabeth a jihar Maine, da rana tsaka, ba hadari, ba jirgi, ko tekun ma ba a gani. A 1970 aka buga wannan zane a kan sarki na gidan waya. Turner ya nuna hasumiya a bakin aikinta na ceton rai. Hopper ya nuna ta yadda mutumin tudu ke ganinta, gini mai kyan tsari da ke tsaye shi kaɗai. Matuƙi da dare yake bukatarta, daga ruwa. Mai zane da rana, daga ƙasa. Wannan ne ya sa hasumiya kan iya rasa matuƙa ba ta rasa masu kallo ba.

A Jamestown zane ba baƙo ba ne. Masunta kan ƙawata kwalekwalensu da launuka da tutoci da kalmomin hikima, kamar yadda maginan Zariya da Kano ke ƙawata fuskar soro. Akwai kuma masu rubuta allunan shaguna, da waɗanda suka riƙa zana tallar fim a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990.

A 2011 wata ƙungiya ƙarƙashin Mantse Aryeequaye da Sionne Neely ta fara bikin zane a kan titi mai suna Chale Wote, watau "aboki, mu tafi" da harshen Ga, wanda kuma shi ne sunan da suke kiran silifa da shi. A babban titin da ya wuce ta gaban sansanin Ussher da na James da hasumiya aka riƙa yin sa, daga baya ya zauna a watan Agusta. Masu zane kan cika bangaye da ƙasan titi da fenti, jama'a na kallo, makaɗa na kiɗa. Hasumiya ta zama wurin haɗuwa, siffarta ta ja da fari kuma ta bazu a hotuna da zane-zane har ta zama ɗaya daga cikin alamomin birnin.

Cikin waɗanda suka yi fice a bikin akwai Mohammed Awudu, haifaffen Nima, da ƙungiyar matasan unguwar mai suna Nima Muhinmanchi Art. Mai karatu zai gane kalmar tsakiya: muhimmanci ce, da lafazin Hausar zango. Unguwar da baƙi 'yan arewa suka kafa ita ce yau take turo masu zane zuwa gaɓar da fatake suka riƙa hawa jirgi.

Kammalawa

Sai dai fenti ba ya riƙe gini, kuma biki ba ya dawwama a wuri ɗaya. A 2020 aka rushe rumfuna da matsugunan masunta da ke ƙasan hasumiyar domin gina sabuwar tashar kamun kifi da tallafin ƙasar Sin, wadda aka buɗe a 2024. A 2023 kuma aka ɗauke Chale Wote zuwa Osu. Sansanonin da ke maƙwabtaka da ita suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, duk da haka iskar teku mai gishiri ba ta daina cin bango da ƙarfe ba.

Darasin ya shafe mu a nan gida. Muna da gine-ginen da aikinsu na asali ya ƙare: ganuwa ta daina tare mahara, ƙofar gari ta daina rufuwa da magariba, an daina hawa Gobarau don hango abokan gaba. Irin wannan gini yakan tsira ne in mutane suka sami sabon dalilin dubansa, in ba haka ba sai a ɗebe ƙasarsa a yi tubali. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya kamata malaman zane a makarantunmu su riƙa fita da ɗalibai su zana ganuwa da ƙofofi da tsofaffin masallatai da rumbunan ƙauyukanmu, hukumomi kuma su biyo baya da gyara, tun waɗannan abubuwa suna tsaye.