Mutumin Da Ya Ƙi Rabuwa Da Kaset: "Waƙar da ba a san tarihinta ba marainiya ce"

A WANI lungu da ke cikin birnin Kano akwai wani ɗan shago a jikin zaure wanda ko uwargidan mai gidan ba ta share shi sai da izini. Tun daga ƙasa har rufi kantoci ne na katako, cike maƙil da kaset-kaset, kowanne an manna masa 'yar takarda da lamba. A can ƙurya ga adaka biyu na faya-fayen garmaho, ga rakoda uku, ɗaya a kwance an buɗe cikinta.

Mai wannan ɗaki dattijo ne da ya haura shekara sittin, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a sana'ar gyaran rediyo da rakoda. Ya nemi a sakaya sunansa, wai don kada masu aro su gane gidan. Aro, in ji shi, shi ne babban abin da ya fi gara ɓarna a ɗakin nan.

Tun cikin shekarun 1970 ya fara tari, kuma ba da niyya ba. Mutum zai kawo rakoda gyara da kaset a maƙale a ciki, zaren ya cukurkuɗe, ya ce a jefar. Shi kuma sai ya zauna da biro ya warware, ya haɗe inda ya tsinke da jan farce, ya saurara. Da haka kunnensa ya buɗe. Yau in ka tambaye shi kaset nawa ya mallaka, dariya kawai zai yi, ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, amma in guda ya ɓata zai sani kafin gari ya waye.

GARMAHO, KASET, MEMORI

Ba ya cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Ga garmaho ma yana da ƙorafi. Tsohon faifai mai gudu 78 bai wuce ya ɗauki minti uku ko kusa da haka a kowane gefe ba. To yaya za a yi da mawaƙin da sai ya yi minti goma yana gaishe-gaishe kafin ya shiga waƙa sosai? Dole a takura shi. Ko da babban faifai mai gudu 33 ya zo, irin wanda kamfanin EMI ya riƙa buga wa mawaƙan Hausa, kimanin minti ashirin ne a gefe guda.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne a ganinsa ya yi wa waƙar Hausa adalci. Mai lamba 60 minti talatin ne a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti arba'in da biyar. Uwa uba, talaka ma zai iya ɗauka da kansa. A je biki ko wasan Sallah, a ajiye rakoda gaban makaɗa, a danna.

Nan ne ya kawo misali da Alhaji Dakta Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura. Shata ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Bakandamiyarsa ta wannan dandali daban take da ta wancan, domin yana ƙara abin da ya gani a wurin, yana ambaton waɗanda ke zaune. Saboda haka duk kaset ɗin da wani ya ɗauka a gidan biki, ko da cike yake da hayaniyar yara da kukan akuya, abu ne da babu irinsa a ko'ina.

"Yaro zai zo ya ce mini, 'Baba, ai ina da Bakandamiya a wayata.' Sai in ce, ɗana, wacce daga ciki? Sai ya yi shiru," in ji shi.

Wannan shi ne babban saɓaninsa da zamanin memori da masu tura waƙa a waya. Ya yarda sun sauƙaƙa abu, har shi kansa yakan shiga YouTube a wayar jikansa ya ji abin da ba shi da shi. Amma waƙa takan zo tsirara: babu shekara, babu gari, babu sunan wanda aka yi wa, wani lokaci ma an liƙa mata sunan wani mawaƙin daban. Ya ce ya sha ganin an sa hoton mai kukuma a kan waƙar mai gurmi. A wurinsa wanda bai iya bambance kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji ba, ko kotson makaɗan fada da kalangun Shata, bai fara sauraro ba tukuna.

Shi ya sa yake da wani babban littafin rajista, irin na 'yan kasuwa. Kowane kaset da layinsa: mawaƙi, kayan kiɗa, wanda aka yi wa waƙar, inda aka ɗauka, da wanda ya ba shi. Inda bai tabbatar ba, yakan bar gurbin fili. Ya ce gara fili da ƙarya.

TSAKANINSA DA 'YAN FIM

Mai karatu zai zaci irin wannan dattijo ba ya ga-maciji da waƙoƙin fim. Ba haka abin yake ba. Kanta guda ya ware musu, tun daga na farko-farkon industiri, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990, har zuwa lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' suka yi tashe a wajejen 2000, sa'ar da ko'ina ka bi a Ƙofar Wambai da Bata sautin fiyano ne ke tashi.

Yana da ra'ayi mai zafi a kan fiyanon nan ta Yamaha. Ya ce ta ciyar da mutane da yawa, amma ta kashe kasuwar maroƙa da 'yan amshi, domin yaro ɗaya a sutudiyo ya maye gurbin mutum takwas. Kuma komai ƙwarewar mai kaɗa ta, ba ta iya yin magana irin ta kalangu, wanda makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata ya sauya murya. Duk da haka bai yarda a raina muryoyin ba. Yakan ambaci Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar, ya ce waɗannan sun rera abin da ya shiga zuciyar mutane, kuma zamani ne guda na tarihin Hausa ko an so ko an ƙi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda aka riƙa danne sunayen mawaƙan. A bangon kaset hoton jarumi da jaruma ne ɓaro-ɓaro, har 'yan kallo da dama suka ɗauka su ne masu muryar. Sai ya miƙa hannu ya zaro wani tsohon faifan Indiya ya nuna bayansa: ga sunan fim, ga mai tsara kiɗa, ga marubucin waƙa, ga mawaƙi. Mohammed Rafi ya rasu tun 1980, Lata Mangeshkar a 2022, amma har gobe ana iya faɗin wace waƙa suka yi a wane fim.

"Mun kwaiko rawar Indiya da waƙarsu, tun muna zuwa Plaza da Eldorado da Orion," in ji shi. "Me ya sa ba mu kwaiko rubuta sunan mai aiki ba?"

A ganinsa waƙoƙin fim sun fi na gargajiya shiga haɗarin ɓacewa. Su Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun samu malaman jami'a da suka bi su. Waƙar fim kuwa an ɗauke ta abin yayi, a ji a wuce. Ya ce akwai furodusoshin da suka taɓa sallama a zaurensa suna neman waƙar fim ɗinsu na da, domin su kansu ba su da ita. Sutudiyo ta tashi, kwamfuta ta lalace, faifan CD ya kankare. Ƙalubalensa ga 'yan fim shi ne: kowane furodusa ya tambayi kansa, ina ainihin kaset ɗin fim ɗinsa na farko yake a yau?

LITTAFI ABOKIN KASET

A gefen tabarmarsa akwai wata 'yar durowa ta littattafai. Wanda ya fi shan hannu shi ne 'Shata Ikon Allah!', tarihin da Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar a 2006. Gefen shafukan duk rubutun fensir ne, inda yake haɗa labari da lambar kaset. Akwai kuma 'Makaɗa da Mawaƙan Hausa' na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Yakan faɗa da alfahari da kuma ɗan takaici cewa tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, alhali a gida wasu na ganin makaɗi maroƙi ne kawai.

A fagen ƙagaggun labarai, Abubakar Imam ne gwaninsa. Ya ce duk shekara sai ya sake bin 'Magana Jari Ce', kuma da ƙarfi yake karantawa, don Hausar Imam ta kunne ce. Yana da 'Ruwan Bagaja' da 'Ganɗoki' da 'Shaihu Umar', 'ya'yan gasar nan ta 1933. Littattafan soyayya kuwa, da farko ya yi musu kallon hadarin kaji, sai da uwargidansa ta ajiye masa 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino da 'Alhaki Kuykuyo Ne' na Balaraba Ramat Yakubu. Ya karanta, ya sauko. Yanzu cewa yake marubutan nan su ne suka koya wa matan aure da 'yan mata karatun boko na Hausa fiye da yaƙi da jahilci. Ƙorafinsa dai ɗaya ne da na kaset: da yawansu ba a sa shekarar bugu ba.

DARA DA TATTABARU

In la'asar ta yi, yakan rufe shago ya fita gindin dalbejiya wajen dara. Gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin wasa. Ya ce dara da sauraron waƙa abu guda suke koyarwa, wato haƙuri. Ludo da karta ba sa gabansa. Yana kiwon tattabaru a saman soro, yana sauraron sashen Hausa na BBC da asuba, kuma har yanzu yana kewar zamanin da ake aika kati a shirin zaɓi-sonka a jira mako biyu kafin a ji sunan mutum. Dambe kuwa ya daina zuwa kallo, sai dai in ya yi marmari ya sa kaset ɗin Ɗan'anace yana wasa Shago, ya ce ya fi ganin damben a nan fiye da a fili.

WA ZAI GADA?

Sai dai duk wannan nishaɗi akwai damuwa a ƙarƙashinsa. Zaren kaset ba ya dawwama. Zafi na sa shi ya miƙe, laima na kawo masa funfuna, maganaɗisun lasifika na goge shi. Dattijon yana iyakar ƙoƙarinsa: yana jera su a tsaye, nesa da rana da bango mai danshi, yana juya kowanne daga farko zuwa ƙarshe lokaci-lokaci don kada zaren ya manne, yana goge kan rakoda da auduga da sifirit. Amma bel ɗin rakoda ya yi wuyar samu, masu gyara kuma sun koma waya. A wata damina rufin ya yi yoyo, kwali guda ya tafi, ciki har da wani wasan Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da wata mata ta ɗauka a gidan suna. Ya ce ranar ko tuwo bai ci ba.

A gida ma ra'ayi ya rabu. Babban ɗansa na son a gyara shagon a sa haya. Ya taɓa ce masa, "Baba, don Allah a kwashe su a flash ɗaya a huta mana." Dattijon bai ƙi ba. Ya san mafita ke nan, kuma yakan ce wurare irin su Gidan Ɗanhausa a Kano da Arewa House a Kaduna da sassan Hausa na jami'o'i su ne suka dace da irin wannan kaya. Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, a kwafe sautin yadda yake, ba a matse shi ya zama ɗan ƙaramin fayil na waya ba. Na biyu, kada a raba waƙa da rajistarta.

Kwafar kaset ba ta da gajeriyar hanya. Mai minti casa'in, minti casa'in zai ci, sai an zauna an saurara. Wanda ya yarda ya zauna ɗin shi ne jikansa, ɗan sakandare, wanda ke zuwa da kwamfutar yayansa ranar Asabar da Lahadi. Yaron ya fara ne don kuɗin kati da kakan ke ba shi. Yanzu an ce shi ke gardama da abokansa a kan wane ne ya fi tsakanin Garba Supa da Hassan Wayam.

Kaset biyu suke gamawa a rana, uku in wuta ta zauna. Da aka yi masa maganar cewa a haka aikin zai ɗauki shekaru, sai ya gyara tabarau, ya buɗe rajista, ya ce wa yaron, "Kai, miƙo na gaba. Fara rubuta sunan mai kiɗan kafin ka danna."