Kafin Ka Riƙo wa Tsoho Fistin Ɗin Babur Ɗinsa

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi, ko a Agege yake ko a Sabon Badun ko Anacha, da wuya a ce bai taɓa samun irin wannan saƙo daga gida ba: "Idan Allah ya kawo ka, ka riƙo mini fistin da ringi na Hondar nan tawa." Iyakar saƙon ke nan. Ba lamba, ba shekara, ba awo. Shi kuwa ɗa, don neman albarka, sai ya shiga kasuwa ya ce a ba shi fistin ɗin Honda, ya biya, ya ƙunshe a jaka har gida. Ran da makaniki ya kwance inji sai a tarar abin ya ƙi shiga, ko kuwa ya shige yana rawa. Kuɗi sun tafi, kasuwar da aka sayo tana can tafiyar kwana guda a mota, babur kuma ya koma zaure ya ci gaba da shan ƙura.

Na ga irin haka da idona kwanan baya a rumfar wani tsohon makaniki nan Kano. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya turo ƙaramar Hondarsa da sabon fistin a kwali, ɗansa ya aiko masa daga Ikko. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Yawancin baburan nan sun shigo hannun iyayenmu ne bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975, lokacin da malaman makaranta da akawuna da malaman gona suka ajiye keke suka hau inji. A 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na haɗa babura a Ota. Ƙaramar Honda, watau Super Cub, tun 1958 ake ƙera ta, kuma a 2017 adadinta ya kai miliyan 100 a duniya. To, abin da aka shekara sittin ana ƙerawa ana sake masa fasali, ai faɗin sunansa kawai ba ya isa a gane kayansa.

Saboda haka abu na farko, kada ka gaskata rubutun tanki ko na murfin gefe. Tanki ana sake shi bayan haɗari, mai fenti kuma abin da ya ga dama yake rubutawa. Shaidar gaskiya tana jikin inji. A ƙaramar Honda, a duba gefen hagu, can ƙasa kusa da abin taka giya, a goge dattin mai da tsumma da ɗan kananzir. Za a ga lamba da aka buga a ƙarfen, tana farawa da sunan samfurin sannan harafin E, kamar C50E ko C70E. Haka ma a manyan, CD175E ko CG125E. Ka sa a karanto maka ita duka, ko yaro ya ɗauki hotonta da waya ya turo. Wannan ya zama wajibi ƙwarai a yanzu, domin tun da baburan Sin irin su Jincheng suka cika ƙasa, an ɗora injinansu a kan tsofaffin ƙarafan Honda da yawa. Mai babur yana rantsuwa Honda yake hawa, alhali kuwa gangar jikin ce kaɗai ta rage.

Abu na biyu shi ne awo, kuma a nan ne aka fi yin asara. Faɗin fistin ɗin C50 milimita 39 ne, na C70 kuwa 47. C90 ta farko tana da 50, amma wadda aka yi daga baya, mai inji 85, ta koma 47. Kada wannan ya ruɗi mutum ya ce ai ɗaya suke da C70. Faɗi ɗaya ne, amma tsawon tafiyar fistin a cikin silinda ya bambanta: milimita 41.4 a C70, 49.5 a waccan. A manyan masu silinda biyu, CD175 tana da 52, CD185 da CD200 suna da 53. Milimita ɗaya tak, ido ba ya rabe su a kan tebur ɗin mai kaya, amma inji ya san bambancin.

Ko an san samfurin ma da saura. Inji da ya shekara arba'in yana aiki, da wuya a ce ba a taɓa kankare cikin silindarsa an faɗaɗa ta ba. Duk sa'ad da aka yi haka sai an sa fistin da ya ɗara na asali, kuma matakan huɗu ne: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ana buga wannan lamba a saman fistin. A kankare baƙin da ya daskare a kai a karanta. In ba a ga irin wannan lamba ba, ko aka ga STD, to na asali ne. Ringi ma haka yake tafiya, kowane mataki da nasa. Wanda ya sa fistin na asali a silindar da aka faɗaɗa, zai sami ƙara da hayaƙi da shan baƙin mai, ya yi ta zagin makaniki a banza.

Akwai kuma wani ilmi da na ga 'yan kasuwar Nnewi sun riƙe shi kamar karatun allo, mu kuwa mun bar musu. Kowane kayan Honda na gaske yana da lamba mai gida uku a jikin takardarsa. Gidan farko, mai alƙaluma biyar, yana faɗin ko mene ne kayan: 13101 fistin na asali, 13102 zuwa 13105 su ne matakan nan huɗu bi da bi, 13011 ringi, 12251 gasket ɗin kan silinda, 16100 kafireta. Gida na biyu yana faɗin samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, misali 041 na C50 ne, 087 na C70. Gida na uku na gyare-gyaren da aka yi wa kayan ne daga baya. Mutumin da ya shiga rumfa ya faɗi lamba, ba a yi masa irin cinikin da ake yi wa wanda ya ce "na Honda". Sai dai a sani, masu jabu ma sun iya buga lamba a kwali, saboda haka a fito da kayan a duba, kada a tsaya ga takarda.

Masu 125 su lura da wani tarko. CG125, wadda ta fito a 1975, sanduna biyu ne ke tura bawul ɗinta daga ƙasa. An yi ta haka ne musamman domin ƙasashen da ba a damu da sake baƙin mai a kan kari ba, kuma ba sai na faɗi ko su wa ake nufi ba. CB125 mai silinda ɗaya kuwa sarƙa ce a cikin injinta take juya abin da ke buɗe bawul. Daga nesa kamar 'yan gida ɗaya, amma wanda ya tafi neman sarƙar cikin inji ta CG zai gaji da yawo, don babu ita.

Yamaha 100 da Suzuki 100 na da, masu ƙona baƙin mai tare da fetur, ba su da bawul irin na Honda sam. Ana gane fistin ɗinsu da wani ɗan tsinken ƙarfe a cikin ramin ringi, wanda ke hana ringin juyawa, da kuma kibiya a samansa mai nuna wajen salansa. Na Suzuki A100 milimita 50 ne, na Yamaha YB100 kuwa 52. Kafiretarsu yawanci Mikuni ce, ta Honda Keihin, sunan yana jikin kowace.

Filogi ma, da ake rainawa, yana iya kashe inji. A na NGK harafin farko kaurin zaren yake nufi: C milimita 10, D 12, B 14. Akwai kuma harafin tsawo, H gajere, E dogo. C7HSA na ƙaramar Honda ne, D8EA na CG125. Dogon filogi a gajeren rami, fistin zai iya dukansa. Kayan wuta kuma a tambaya ko babur ɗin mai batir 6 ne ko 12, domin na farkon duk 6 ne, sai a shekarun 1980 aka fara komawa 12.

Wanda ya gaji BSA ko Triumph na zamanin Turawa, nasa ya fi wuya. Notinansu awon Ingila ne na da, sifanar Japan ba ta kama su daidai, sai dai ta cinye musu kai. Kada a bar yaron makaniki ya matsa da ƙarfi.

Mafi sauƙi duka shi ne a aiko maka da tsohon kayan ta hannun direba, ka je da shi kasuwa a aza su gefe da gefe, a auna faɗi da tsawo da ramin sandar da ke riƙe fistin.

Shi dai dattijon nan, da makaniki ya kankare saman tsohon fistin sai ga 0.50 ta fito sarai. Ɗansa bai yi kuskuren samfuri ba, C70 ce kuwa, amma na asali ya sayo. Malam ya mai da sabon cikin kwalinsa, ya haɗa da tsohon, ya ce zai kai tashar motocin Ikko da safe.