Rage Nauyi Kafin Dambe: Amfaninsa da Hatsarinsa

A damben gargajiya ba a san ma'auni ba, idon mutane ne ke haɗa gaba da gabanta. Amma a damben zamani an karkasa 'yan wasa aji aji gwargwadon nauyinsu, don kada a haɗa ƙato da ɗan tsurut. Hogan Bassey, wanda ya zama zakaran duniya a birnin Faris cikin 1957, ya yi wasa a ajin da iyakarsa laba 126 ne, watau kimanin kilo 57. Dick Tiger kuwa ya ci kambun duniya cikin 1962 a ajin laba 160. Duk wanda ya hau ma'auni ya zarce iyakar ajinsa, ko a ci shi tara, ko a hana shi kambu, ko kuma a fasa wasan.

Wannan doka an yi ta ne domin kiyaye lafiyar 'yan wasa. Sai dai wasu sun mayar da ita hanyar dabara. Mutum zai matse jikinsa ya shiga ajin da ke ƙasa da nasa, da nufin bayan awo ya ci ya sha ya kumbura, ya shiga fage ya fi abokin karawarsa girma.

Hanya Biyu ta Rage Nauyi

Hanya ta farko ita ce rage kitse sannu a hankali, ta wurin tsara abinci da motsa jiki cikin makonni da yawa. Wannan ba ta da laifi idan an bi ta da lura.

Hanya ta biyu ita ce ƙafar da ruwan jiki cikin 'yan kwanakin da suka rage kafin awo. Mai yin haka yakan daina shan ruwa, ya yi gudu sanye da rigar leda, ya zauna a ɗakin tururi, ya yi ta tofar da yawu. Wani ma har yakan sha maganin sa fitsari ko na zawo. Lalle ma'auni zai nuna ya ragu, amma kitsensa yana nan inda yake. Abin da ya fita ruwa ne da gishirin jiki, su ne kuwa kayan aikinsa ranar wasa.

Abin da ke Faruwa Cikin Jiki

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Masana sun nuna cewa idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, juriyarsa takan fara raguwa. Ga ɗan dambe mai kilo 60, wannan bai wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. To, ina ga wanda ya zubar da kilo huɗu ko biyar?

Da fari, ruwan da ke cikin jini yana raguwa, jinin ya yi kauri. Tilas zuciya ta ƙara saurin bugawa kafin ta kai iska ga tsoka. Saboda haka mutum yakan fara haki tun wasa bai yi nisa ba.

Na biyu, tsoka da hanta suna ajiye wani irin sukari wanda jiki ke ƙonawa lokacin aiki mai tsanani, kuma kowane giram nasa yana riƙe da kamar giram 3 na ruwa. Wanda ya zauna da yunwa ya ƙarar da wannan ajiya. Yana iya kai naushi mai nauyi a turmin farko, amma da an kai turmi na biyar sai ƙafa ta yi sanyi, hannu ya sauka daga kare fuska.

Na uku, gumi shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Idan ruwa ya ƙaranta, zafi sai ya taru a ciki. Wannan ya fi hatsari a ƙasa irin Nijeriya, inda zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40.

Na huɗu, ƙishirwa mai tsanani tana rage natsuwa da hanzarin lura. Dambe kuwa wasan ƙiftawar ido ne. Wanda ya makara wajen kauce wa naushi, kansa ne zai biya. Wannan ne ya sa likitoci ke tsoron raunin ƙwaƙwalwa ga wanda ya shiga fage jikinsa a bushe. Bugu da ƙari, ƙoda tana wahala, rashin daidaiton gishirin jini kuma yana iya rikita bugun zuciya.

Ko Jiki na Farfaɗowa Bayan Awo?

A manyan wasannin ƙwararru ana yin awo kwana ɗaya kafin wasa. Cikin wannan lokaci nauyi yakan dawo, amma dawowar nauyi daban, dawowar ƙarfi daban. Ruwan da aka sha yana bukatar lokaci kafin ya ratsa ko'ina, wanda ya bushe ƙwarai kuwa yana iya bukatar kwana ɗaya zuwa biyu. 'Yan damben da ba na kuɗi ba, ana auna su ne da safiyar ranar da za su yi wasa, don haka ba su da wannan sarari ko kaɗan.

Darasi daga Fage

Cikin Disamba 2008, Oscar De La Hoya ya sauko zuwa ajin laba 147 don ya kara da Manny Pacquiao, wanda ya taso daga ƙananan azuzuwa. Mutane da yawa sun zaci girma zai ba shi nasara. Amma ya shiga fage a rame, ya kasa kataɓus, aka tsayar da wasan bayan turmi na takwas, bai kuma sake dambe ba.

Wani lokaci abin yakan wuce faɗuwa a fage. A ƙarshen 1997, ɗalibai uku 'yan kokawa sun mutu a Amurka cikin 'yan makonni, dukansu suna tsakiyar ƙoƙarin rage nauyi.

Dick Tiger ya nuna wata hanya. Bayan ya rasa kambunsa cikin 1966, sai ya hau ajin laba 175, ya doke José Torres a watan Disamba na wannan shekara, ya sake zama zakaran duniya yana da shekara 37.

Matakan Hukumomi

Hukumar WBC tana auna masu neman kambunta kwana 30 da kwana 7 kafin wasa, don a gane mai shirin zubar da nauyi dare ɗaya. Hukumar IBF kuma ta kafa dokar sake awo da safiyar ranar wasa, inda ba a yarda mutum ya ɗara iyakar ajinsa da fiye da laba 10 ba. Haka nan dokokin duniya na hana shan ƙwayoyi a wasanni sun haramta maganin sa fitsari.

Shawara ga 'Yan Wasa, Masu Horo da Iyaye

Ɗan dambe ya zaɓi ajin da ke kusa da nauyinsa na yau da kullum. Idan rage nauyi ya zama dole, a fara tun da sauran makonni, kada a wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi ja ko duhu, jiki na neman ruwa ke nan. Bayan awo ya sha ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan, ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi, kamar shinkafa ko tuwo.

Yaron da bai gama girma ba, kada a tsare shi a aji ɗaya, nauyinsa ya ƙaru sai a ɗaga shi gaba. Wanda aka ga yana jiri, ko ya rikice, ko fitsarinsa ya ɗauke, a dakatar da horo nan take a kai shi asibiti. Wasan da aka fasa ana iya sake sa masa rana, ƙodar da ta lalace kuwa gyaranta da wuya.