Matahiyi mai ƙarancin ƙwayoyin tsaida jini: wane maganin rigakafin palu zai sha?

Da ruwan sama ya zauna, motocin Agadas da na Yamai sukan cika da masu komowa gida. Wasu daga Libiya da Aljeriya suka fito, sun zo noma. Wasu ƴan makaranta ne daga Maroko ko Faransa, wasu kuma ma'aikatan Arlit ne da suka kawo iyali hutu. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin sauro. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro, wadda a gidan likita ake ce ma palu, ta fi kayar da mutane a jihohin Maradi, Damagaram, Tawa da Doso.

Mutumin da ke zaune a Madarunfa ko Magarya, sauro na cizon shi kowace damina, jikin shi ya ɗan saba da cutar. Amma wannan sabo ba ya dawwama. Wanda ya yi shekaru a ƙasar da babu palu ya zama kamar baƙo, ko da a garin aka yanke ma shi cibiya. Ƙungiyar lahiya ta duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da cutar a 2010, Aljeriya kuma a 2019. Irin waɗannan masu komowa, da ƴaƴan da aka haifa can, su ne likita ke ba maganin rigakafi na tahiya. Sai dai a cikinsu akwai masu wata larura ta jini, waɗanda ba kowane magani ya dace da su ba.

Mene ne palaket?

Jini ba ruwa kaɗai ba ne. A cikin shi akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira palaket. Aikinsu shi ne toshe rauni. In lauje ya yanki mutum, su ke taruwa a bakin ciwon su tsaida jini. A ɓargo ake yin su, suna kwana 7 zuwa 10, sa'an nan saifa ta kwashe tsofaffin. Mai lahiya yana da 150.000 zuwa 450.000 a cikin ɗan ɗigon da ake kira mikrolita, wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Wani mutum, garkuwar jikin shi ce ke kuskure, ta riƙa kashe palaket ɗin shi kamar abokan gaba. Sai a ga haɓo ba dalili, dasashi na jini, jini na kwanciya ƙarƙashin fata, mace kuma hailarta ta yi yawa. In suka kasa 50.000, rauni ko aikin likita na iya sa zubar jini. In suka kasa 20.000, jini na iya zuba haka nan ba tare da rauni ba. Yara da yawa suna warkewa cikin ƴan watanni. Ga manya kuwa larurar takan daɗe.

Tsoron magani

Masu wannan larura sun sha jin cewa wasu magunguna na rage palaket. Gaskiya ne. Shi ya sa wasunsu ke cewa gara su taho hannu sake, kada su sha komi. Wannan lissahi bai fita ba, don palu da kanta ita ce babbar mai cin palaket. Mafi yawan waɗanda ta kama, in aka auna jininsu, sai a tarar ƙwayoyin sun faɗi. Mai 300.000 in ya sauka zuwa 100.000, ba zai ma sani ba. Mai 40.000 fa? Mai rumbu cike, ko gara ta ci rabi zai kai kaka. Wanda dami biyu gare shi ba haka ba ne.

Haɗarin ya ƙaru ga wanda aka cire ma saifa, don wani lokaci cire ta shi ne maganin larurar. Saifa ita ce matatar da ke kama jinin da ƙwayar palu ta shiga. In babu ita, cutar na yin tsanani da sauri. Irin wannan mutum, in tahiyar ba dole ba ce, gara ya bari sai rani.

Magungunan da ake zaɓa

Tsofaffi sun san nibakin, wadda ake rabawa a ƙauyuka a shekarun 1970. Yanzu ba ta tare palu, ƙwayar cutar ta saba da ita. Tun 2005 Nijar ta sake maganin da ake ba marar lahiya. Wanda ya sayi nibakin don rigakafi ya zubar da kuɗin shi.

Magunguna uku aka fi ba matahiyi. Malarone ana fara ta kwana 1 ko 2 kamin a iso, a sha kullum tare da abinci ko madara, a ci gaba kwana 7 bayan an bar ƙasar. Tana da tsada. Dokisisikilin ta fi araha, ita ma kullum ake sha, amma sai an ƙara sati 4 bayan an koma. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Da ruwa mai yawa ake haɗiyar ta, kuma ba a kwanciya nan take.

Ta uku ita ce Lariam, sau ɗaya a sati, ana fara ta sati 2 ko 3 kamin tahiya. Mai farfaɗiya ko ciwon taɓin hankali ba ya shan ta. Kuma dangin kinin ce, don haka wanda kinin ta taɓa ɓata ma jini ya nisance ta.

Ƙarancin palaket ba ya hana shan rigakafi. Ko waɗannan ukun, jefi-jefi ne aka samu wanda suka rage ma ƙwayoyin. Abin da ya dace shi ne a ga likitan da ke bin larurar sati 4 zuwa 6 kamin tahiya, a auna jini, shi ya zaɓi maganin, ya faɗi ranar da za a sake awo. Wanda ke shan piredinizon kada ya tsaida ta don tahiya, ya ɗauko wadda za ta ishe shi.

Kinin da abokanta

Kinin ce ta fi ƙaurin suna. Tun 1865 wani likitan Ingila ya rubuta labarin mutanen da jini ya kwanta ma a fata bayan sun sha ta. Ba kowa take yi ma haka ba, amma wanda jikin shi ya ƙi ta, cikin yini ɗaya palaket ɗin shi na iya zubewa. Har lemun kwalba mai ɗaci da ake kira tonik yana da kinin a ciki. Allurar Quinimax a ɗuwawu kuwa matsala biyu ce: ga kinin, ga jinin da kan taru cikin tsoka. Tun 2011 ƙungiyar lahiya ta duniya ta sa allurar artesunat a jijiya gaba da kinin wajen palu mai tsanani. In babu artesunat kuma rai na cikin haɗari, shawara ta likita ce, muddin an gaya ma shi larurar.

Asfirin, ibuporofen da dikulofenak suna hana palaket aiki. Su ne kuwa suka cika tiren masu tallan magani a tasha, wani lokaci ba ko suna a jikin ƙwayar. Farasetamol ce ta dace da zazzaɓi da ciwon kai. Haka nan wanzami ya dakata: ba ƙaho, ba tsaga, ba cire beli. Uwar yaron da ke da larurar kuma ta sanar da ma'aikatan da ke raba maganin rigakafi na damina, wanda aka fara a Nijar a 2013 don yara ƴan wata 3 zuwa 59, su tura ta wurin likita kamin yaron ya sha.

Babu maganin da ke tarewa ɗari bisa ɗari. Gidan sauro mai magani da riga mai dogon hannu bayan magariba suna nan dole. Matahiyi ya riƙe takarda da Faransanci, mai sunan larurar, da awon jini na ƙarshe, da magungunan da yake sha, don anfirmen ƙauye ya karanta. Ya kuma san tun da wuri inda ake ƙirga palaket kusa da garinsu, don ba kowane ƙaramin gidan likita ke da na'urar ba. Jiki ya yi zafi, a yi awon palu ran nan, ko da ana shan rigakafi. Haɓon da ya ƙi tsayawa, baƙin kashi, jini a fitsari ko ciwon kai mai tsanani, sai babban asibiti ba jiran gari ya waye. Zazzaɓin da ya zo bayan an koma Sabha ko Tamanraset, ko da an yi wata 3, a gaya ma likitan can cewa daga ƙasar sauro aka fito.