Hasken tsakar gida: Daga wutar kara zuwa zaren haske

A ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, rayuwar dare a waje take. A tsakar gida ake cin tuwo, a nan ake hira, a nan kuma ake kwana idan zafi ya tsananta. Shi ya sa batun haske ba ƙaramin abu ba ne, domin duhu shi ne mafakar kunama da maciji, fitilar kananzir kuwa kusa da rumfar kara takan jawo gobara.

Garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, bai da nisa da madatsar ruwa ta Sinnar da aka kammala a 1925. Can kudu kuma akwai ta Rusairis, kusa da Damazin, wadda aka gama a 1966. Duka biyun suna samar da lantarki, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata layuka da tashoshi da dama, lamarin da ya sa jama'a suka ƙara rungumar hasken rana.

A Turai da Amurka, masu hali sukan ƙawata dandamalin katako na lambunansu da abin da za mu kira zaren haske. Fitila guda ake ajiyewa cikin akwati a wuri busasshe, sannan a haɗa mata damin zaruruwan roba masu sheƙi. Kowane zare yana ɗauke da haske zuwa ƙaramin ramin da aka huda a katako, sai wurin ya yi kamar taurari. Alfanunsa shi ne babu lantarki ko zafi a cikin zaren, don haka ruwan sama ko hannun yaro ba abin tsoro ba ne. Sai dai ba a lanƙwasa shi da yawa, kuma haskensa na ado ne, bai isa karatu ba.

Saboda haka, magidanci mai ƙaramin ƙarfi ya fara da abin da ya fi amfani: farantin hasken rana, batir da ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan. A fuskantar da farantin kudu, a ɗan karkata shi, a riƙa goge ƙurar da guguwa ke barinsa da ita. Batir kuwa a ajiye shi a inuwa, domin zafi na rage masa kwana. A sa ƙwai ɗaya a zaure, ɗaya a hanyar makewayi, ɗaya kuma inda almajirai ke karatun dare.

Ado zai iya jira. Abin gaggawa shi ne yaro ya ga allonsa, uwa kuma ta ga inda take taka ƙafa.