Shaidar Jini a Ɗakin Masu Jinya Mai Tsanani

A sashen asibiti inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara, kowace safiya, tun kafin likitoci su fara zagaye, ma'aikaciyar jinya takan ɗebi jini a 'yan kwalabe, ta rubuta suna da lokaci a jikin kowace, ta aika ɗakin gwaji. Kuma daga cikin abin da ake nema a jinin nan akwai waɗansu sinadarai na furotin, waɗanda hawansu da saukarsu kan nuna inda al'amarin majinyaci ya dosa, tun kafin idon mai duba ya gani.

Mafi shahara a cikinsu shi ne CRP, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a jinin masu ciwon huhu a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York a shekarar 1930. Hanta ce ke yin sa, kuma ko da yake ɗan kaɗan ne a jikin mai lafiya, da zarar ƙwayar cuta ta kama jiki sai ya fara tashi cikin awa 6 zuwa 8, ya kai matuƙa bayan kimanin kwana 2, wani lokaci ma ya ninka har sau 1,000. Aibinsa shi ne rashin tantancewa, domin wanda aka yi wa tiyata da wanda wuta ta ƙona duk nasu kan hau.

Amma ƙissar da ta fi cancantar nazari ita ce ta albumin, wanda shi ma hanta ke yi, aikinsa kuwa riƙe ruwa cikin hanyoyin jini. Mai lafiya yana da giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Idan ciwo ya tsananta, bangon ƙananan hanyoyin jini ya fara yoyo, hanta kuma ta karkata ga wani aiki, sai albumin ya faɗi, jiki ya kumbura, har idan ka danna ƙafar majinyaci da yatsa gurbin ya zauna. Tun da an daɗe da lura cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa sosai sun fi rasuwa, sai likitoci suka yi ƙiyasi, wanda a zahirinsa babu aibi, cewa idan aka ƙara musu shi ta jijiya za su fi tsira, aka kuma yi shekaru ana ƙara shi duk da tsadarsa. A 1998 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ce watakila ma yana ƙara mace-mace, saɓani ya tashi. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin SAFE na 2004 a Ostareliya da New Zealand, inda aka raba majinyata kusan 7,000 gida biyu, waɗansu aka ba su albumin, waɗansu ruwan gishiri, bayan kwana 28 aka tarar kimanin kashi 21 cikin ɗari ne suka rasu a kowane ɓangare. Waɗanda suka ji rauni a ƙwaƙwalwa kuwa albumin ya cutar da su. A Italiya ma, a 2014, an ɗaga adadinsa a jinin waɗanda cuta ta bazu a jikinsu, amma yawan masu rasuwa bai canja ba. A ganina kuskuren ƙiyasin nan ɗaya ne, wato ɗaukar alama a matsayin sababi, alhali malamanmu na usulul fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakaninsu.

Inda sinadaran nan suka fi amfani shi ne wajen sanin lokacin dakatar da magani. Firokalsitonin, wanda likitocin Faransa suka nuna a 1993 cewa yana hawa idan ƙwayoyin bakteriya sun yi ƙarfi, an jarraba shi a Holan a 2016, inda bin saukarsa ya rage kwanakin maganin kashe ƙwayoyin cuta daga 7 zuwa 5 ba tare da ƙaruwar mace-mace ba. Sai dai likitan da ke aiki a Kano ko Maraɗi yana da wata lura ta daban, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana ɗaga firokalsitonin da CRP, don haka wajibi ne ya duba sakamakon gwajin zazzaɓin tukuna, musamman da damina, kafin ya yanke hukunci a kan lambar da ke gabansa.