Shin talabijin zai iya maye gurbin allon kwamfuta?

Mutane da dama da ke da faffaɗan talabijin na bango a gida ko a ofis kan yi tunanin jona shi da kwamfuta, maimakon su ci gaba da ƙura wa ƙaramin allo ido.

Haɗin dai ba shi da wuya. Kusan duk talabijin na zamani yana da kafar HDMI a bayansa, kuma waya guda ce ke ɗaukar hoto da sauti daga kwamfutar zuwa gare shi. A ƙarshen shekarar 2002 ne aka fito da wannan tsari na HDMI, kuma sannu a hankali ya ture tsohuwar kafar VGA mai launin shuɗi, wadda kamfanin IBM ya ɓullo da ita a 1987, wadda kuma ba ta ɗaukar sauti.

Sai dai bayan an jona ne ƙorafi kan biyo baya: rubutu ya yi dishi-dishi, linzamin kwamfuta yana jan ƙafa, gefen hoton ya ɓace, sannan ga ciwon wuya.

Dalilin kuwa shi ne an ƙera talabijin ne domin kallon hoto mai motsi daga nesa, shi kuwa allon kwamfuta an yi shi ne domin karanta ƙananan haruffa daga kusa.

Girma ba shi ne yawan ɗigo ba

Duk hoton da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske da ake kira fiksel. Yawansu ƙayyadadde ne, kuma ba lallai ne ya ƙaru ba don allon ya ƙara girma.

Allon da aka rubuta wa Full HD yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da ɗoriya, ko da inci 24 ne ko inci 43.

A allo mai inci 24, ɗigo kusan 92 ne ke cikin kowane inci guda. Idan aka baza wannan adadi a talabijin mai inci 43, sai ya koma kusan 51. Ma'ana wanda ya sauya bai sami ƙarin fili ko kaɗan ba. Abin da yake gani a da shi zai ci gaba da gani, sai dai an buɗa shi, kuma daga kujerar tebur ido na iya tsinkayar ɗigon ɗaya bayan ɗaya a gefen haruffa.

Lamarin ya fi muni a talabijin masu araha na inci 32, waɗanda da yawansu ɗigo 1,366 ne a kwance da 768 a tsaye, ko da kuwa an buga HD da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Irin wannan bai wuce abin da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ke nunawa ba.

Talabijin na 4K ne ya sauya lissafin. Yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na Full HD. Idan inci 43 ne, ɗigo kusan 102 ke cikin kowane inci, kuma daidai yake da a jera alluna huɗu masu inci 21 da rabi, biyu a sama biyu a ƙasa. Ga mai aikin lissafin kuɗi, ko mai zanen gini, ko mai tace bidiyo, wannan fili ne na gaske.

Da an kai inci 55 kuma adadin ya sauka zuwa 80, a nan ne tebur ke fara yin kaɗan.

Abin da talabijin ke yi wa hoto

Ko da ɗigon sun wadata, akwai wasu ɗabi'u na talabijin da ke ɓata rubutu.

Babba daga cikinsu ita ce rage bayanan launi. Idon ɗan'adam ya fi lura da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, don haka masu tsara bidiyo suka saba adana launi guda ga kowane ɗigo huɗu, tsarin da ake kira 4:2:0. A fim ko wasan ƙwallo babu mai ganewa. Amma a siririn harafi, musamman ja a kan shuɗi ko shuɗi a kan baƙi, nan take gefensa ke jagulewa.

Kwamfuta na buƙatar cikakken launi, wato 4:4:4. A talabijin da yawa ana samunsa ne idan aka shiga saituna aka sauya sunan kafar da aka jona zuwa PC, a wasu kuma sai an kunna wani zaɓi na daban da ke buɗe wa kafar HDMI cikakken ƙarfinta.

Akwai kuma yanke gefen hoto, al'adar da aka gada tun zamanin talabijin mai ƙusumbi, lokacin da ake ɗan buɗa hoton domin ɓoye gefunansa marasa kyau. A kwamfuta, wannan kan cinye layin ƙasa inda agogo da maɓallin farawa suke. A talabijin na LG, alal misali, zaɓin da ke gyara hakan shi ne Just Scan.

Batun jan ƙafar linzami ma daga nan yake. Kafin talabijin ya nuna hoto sai ya gyara shi, ya ƙara masa kaifi, a wasu lokutan ma ya ƙirƙiri hotunan tsakani domin motsi ya yi sumul. Wannan aiki kan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a wasu talabijin. Mai kallon fim bai san ana yi ba, amma mai riƙe da linzami zai ji hannunsa ya riga kibiyar. Zaɓin Game Mode, wanda aka tanada domin masu wasannin bidiyo, shi ke kashe yawancin wannan gyare-gyare.

Wani lokaci kuma laifin ba na talabijin ba ne. Tsarin HDMI 1.4 na shekarar 2009 yana iya aika hoton 4K ne sau 30 kacal a daƙiƙa guda, abin da ke sa motsi ya riƙa tsalle-tsalle. Sai HDMI 2.0 na 2013 ne ya kai sau 60, yayin da HDMI 2.1 na 2017 ya kai 120. Tsohuwar kwamfuta mai kafar 1.4 ba za ta wuce iyakarta ba, komai tsadar talabijin ɗin ko wayar da aka saya.

Wuya da ido

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ta Amurka, OSHA, ta ba da shawarar a ajiye allon kwamfuta tsakanin santimita 50 zuwa 100 daga ido, kuma saman allon ya kasance daidai da ido ko ƙasa da shi kaɗan.

Talabijin mai inci 43 yana da faɗin kusan santimita 95 da tsayin sama da santimita 50. Idan aka ɗora shi a kan tebur, samansa zai wuce kan mai zaune, kuma dole ya riƙa juya wuya dama da hagu kafin ya karanta layi guda. Wanda aka kafa a bango kusa da silin, kamar yadda ake yi a falo, ya fi wannan wahalarwa.

Mafita ita ce a ja baya zuwa mita guda ko fiye. To amma da an ja baya rubutun 4K zai ƙanƙance, sai an ƙara girmansa daga saitunan Windows zuwa kashi 125 ko 150 cikin 100, wanda hakan ke cinye wani ɓangare na filin da aka sayi talabijin ɗin dominsa.

Haske ma abin lura ne. Yanayin da talabijin ke zuwa da shi daga shago ya yi wa ido ƙarfi a zama na kusa, musamman da daddare, don haka rage shi na cikin gyaran farko.

Tabo da wutar lantarki

Hoton kwamfuta yana da sassan da ba sa motsi na tsawon sa'o'i, kuma wannan ne maƙiyin wasu nau'o'in allo. Talabijin na plasma, wanda kamfanonin Panasonic da Samsung da LG suka daina ƙerawa zuwa ƙarshen 2014, ya yi suna wajen riƙe inuwar abin da ya daɗe a kansa. Na OLED ma, duk da kyan hotonsa da kuma matakan kariya da aka saka masa, yana iya yin irin wannan tabo. Na LCD, wanda a kasuwa aka fi sani da LED, bai cika samun matsalar ba.

A wurare kamar Najeriya da Nijar, inda masu shagon buga takardu da ƙananan ofisoshi da dama ke dogaro da janareto ko sola, akwai lissafin wuta. Allon kwamfuta mai inci 24 galibi yana cin wat 20 zuwa 30 ne, yayin da babban talabijin kan ci ninkin hakan sau biyu ko uku, ko ma fiye. Bugu da ƙari, allon kwamfuta kan yi barci ya kuma farka tare da ita, shi kuwa talabijin sau da yawa sai an nemi rimot.

Inda talabijin ya yi zarra shi ne wurin da mutane da yawa ke kallo daga nesa, kamar aji, ko ɗakin taro, ko falon da ake kallon bidiyo. A irin wannan wuri ko Full HD ya wadatar, kuma danna maɓallin Windows tare da harafin P zai ba da zaɓin a maimaita hoton kwamfutar a talabijin, ko kuma a mayar da shi allo na biyu, mai gabatarwa ya ci gaba da karanta bayanansa a ƙaramin allon da ke gabansa.